Takardar Koci Sandvik

Litinin, 2 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na safe

Ina zaune cikin mota a bakin kogi, kofina ya huce. Tessa tana kan ruwa tun biyar da rabi, ita da Corinne, cikin siririn kwale-kwalen nan na mutum biyu, kowacce da filafili ɗaya. Shekara huɗu ke nan ina kawo 'yata nan da asuba kafin in wuce asibitin haƙori, in yini ina kankare dattin bakin mutane. Walt ne ya ce in riƙa rubuta abin da ke cina a littafi, in daina sauke masa a kan abinci. To ga shi, ina rubutawa. Allah ya bar mu da miji mai shawara.

Abin da ke cina bai da yawa. Jami'ar da Tessa ke so, wadda ba zan rubuta sunanta ba, tana daga cikin waɗanda mutum ɗari za su nema a ɗauki huɗu. Amma ofishin ɗaukar ɗalibai yakan ware wa kowane kocin wasa 'yan gurabe, ya rubuta sunayen da yake so ya miƙa, kuma wanda ya hau wannan takarda ya shiga an gama. Mai horar da matan kwale-kwale a can sunanta Koci Sandvik. Tun bazara take kiran Tessa a waya. Tana kiran Corinne ma. Ranar ɗaya ga Nuwamba ake rufe karɓar takardun zagayen farko, kafin nan za a san wadda ta hau.

Ga Paulette nan, uwar Corinne, ta ajiye ƙatuwar motarta a gefena tana ɗaga mini hannu kamar mun shekara ba mu haɗu ba. Na ɗaga mata ni ma.

Laraba, 4 ga Oktoba, ƙarfe 7:30 na yamma

Yau aka gwada su a injin tuƙi na cikin zaure, mita dubu biyu. Corinne minti bakwai da sakan shida. Tessa minti bakwai da sakan goma sha biyar. Sakan tara ke tsakaninsu.

Yanzu haka Corinne tana teburin kicin ɗina tana cin taliyata, Tessa na koya mata lissafin da aka koya musu tun bara. Sau uku na ji an maimaita mata abu ɗaya, sau uku tana dariya tana cewa kanta ba ya ɗauka. Gaskiya ta faɗa. 'Yata ce ta ɗaya a ajinsu, ta ci gasar kimiyya ta jiha, ba ta taɓa kawo mini takarda mai jan biro ba. Duk wannan ba ya shiga kunnen kowa a bakin kogi. Abin da ake tambaya kawai shi ne minti nawa, sakan nawa. Jami'ar da ke tinƙaho da ilimi ce ke auna 'ya'yan mutane da agogon tsere, kuma mu iyaye muna tafa mata.

Da za ta tafi ta rungume ni ta ce, "Misis Dombrowski, taliyarki ta fi ta gidanmu." Na ce ta gaida gida.

Asabar, 7 ga Oktoba, ƙarfe 4:00 na yamma

An yi tsere, sun zo na biyu. Ruwan sama tun safe, mu iyaye mun cunkushe a ƙarƙashin tanti muna raba kofi da burodi, kowa na yi wa 'yar wani fatan alheri da baki.

Akwai wani uba mai farin gemu da 'yarsa ta gama tun shekara uku amma har yau bai daina zuwa ba, don a nan kaɗai ake sauraronsa. Shi ya ce ya ji daga majiya mai tushe gurbi ɗaya ya rage wa Sandvik, kuma a iya saninsa ba ta taɓa ɗaukar biyu daga kulob ɗaya ba. Ya faɗa yana kallona, sannan ya kalli Paulette, ya gutsuri burodinsa. Paulette ta ce ita dai duk wadda aka ɗauka 'yarta ce. Ai dole ta ce haka, mai sakan tara a jaka.

Kafin a watse Koci Brennan, mai horar da su a nan kulob, ya tara mu ya sake karanta mana dokar da muka haddace. Iyaye ba sa kiran kocin jami'a, ba sa rubuta masa, ba sa tare shi a bakin ruwa. Yarinya ce ke maganar kanta. Ya ce ya ga an soke yara masu kyau saboda uwa ta kasa riƙe bakinta. Wai mu yi shiru, mu da muka haife su, mu zuba mai a mota mu toya burodi.

Lahadi, 8 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

A coci Paulette ta zauna a gabana. Ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar ba.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe 8:15 na yamma

Tessa ta same ni ina ninke wanki, ta rufe ƙofa, ta zauna a kan kwando, sai hawaye. Na zaci maganar jami'a ce. Ashe Corinne take yi wa kuka.

Gadon bayan Corinne ya lalace tun watan Agusta. An ɗauki hoto, likita ya ce wani abu ya goce tsakanin ƙasusuwan ƙugu, yana danne jijiya. Allura ake mata a ɓoye a wani gari don ta iya zama cikin kwale-kwale. Daga ita sai iyayenta sai Tessa, ko Brennan bai sani ba. Shirinsu su lallaɓa har takardar jami'a ta fito, sannan a yi magani. Tessa ta ce tana jin numfashinta a bayanta idan sun ja, tana jin lokacin da zafin ke kama ta, kuma ta rasa yadda za ta yi.

Ta ce, "Mama, don Allah kar ki faɗa wa kowa. Ko Baba. Na yi mata rantsuwa."

Na ce wa zan faɗa wa. Na shafa kanta, na ce ta je ta wanke fuska.

Wato ƙarya suke yi. Wannan matar mai murmushi, mai cewa duk 'ya'yanta ne, ta san 'yarta ba lafiya, ta kuma shirya ta karɓe kujerar da yarinya mai lafiya da ƙwaƙwalwa ta cancanta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe 6:05 na safe

Ina kallon Corinne ta gilashi tana sauka daga kwale-kwale. Tana dafa ƙugu idan ta zaci ba mai gani.

Alhamis, 12 ga Oktoba, ƙarfe 1:40 na rana

Na biya gidan waya da hutun rana. Ambulan ɗaya zuwa ofishin Sandvik, kan sarki ɗaya. Layi huɗu ne kacal, ba suna a ƙasa, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ban kira kowa ba, ban tare kowa a bakin ruwa ba. Ba zan sake maganar ba.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe 9:00 na safe

Walt ya ce kwana biyu na daina faɗa, lallai littafin nan yana aiki. Ya sumbace ni a goshi ya tafi yankan ciyawa. Mutumin kirki ne, amma ko gida na ci da wuta sai an nuna masa hayaƙi.

Na share firji, na wanke labule, na goge tagogin da na goge makon jiya.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe 7:50 na yamma

Sandvik ta kira Corinne jiya. Ta tambaye ta kai tsaye ko akwai abin da ke damun bayanta, ta ce a aiko mata da takardun likita kafin ƙarshen mako.

Ba daga bakin Tessa na ji ba. A wurin ajiye motoci na gani da idona yau da safe. Corinne ta tsaya gaban Tessa, fuska ja, tana magana ƙasa-ƙasa, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya. Tessa ta tsaya riƙe da gorar ruwanta kamar an dasa ta. Brennan ya fito ya raba su, ya saka kowacce a kwale-kwale daban.

Paulette ta zo ta ƙwanƙwasa gilashina. Idonta ya kumbura. Ta ce ita ba ta zargin Tessa, yara ne, wataƙila ta yi suɓul da baka a wani wuri. Har haƙuri ta ba ni kan abin da Corinne ta faɗa. Na ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi, amma ita komai sai ta yi shi da kyau don a gani.

A hanyar makaranta Tessa ta juya ta kalle ni sau ɗaya, kallo mai tsawo. Na ƙara muryar rediyo.

Alhamis, 19 ga Oktoba, ƙarfe 6:20 na safe

Babu ƙarya a ciki. In an ci gaba da yi wa Corinne allurar nan, nan da shekara biyu ba za ta iya ɗaura takalmi ba. Wani ya kamata ya gode mini.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Kwana huɗu ke nan daga "ina kwana" sai "na ƙoshi". A ɗakinta Tessa take cin abinci. 'Yan matan kulob sun cire ta daga zauren hirarsu na waya, Walt ne ya gaya mini, shi ma ita ta gaya masa. Ya ce yaran zamani mugaye ne, ya za a ɗora wa Tessa abin da ba ta yi ba. Ya tambaye ni wa nake tsammani ya yi. Na ce kulob ɗin nan cike yake da munafukai, ka zaɓi wanda ka ga dama.

Za su manta. Badi warhaka tana can tana karatu a ƙarƙashin manyan bishiyoyin nan, ba za ta tuna sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Litinin, 23 ga Oktoba, ƙarfe 12:45 na rana

An cire Corinne daga takarda. Mai farin gemu ya aiko wa iyaye duka saƙo, har da alamar fuskar kuka, tsohon banza. Na shiga banɗakin wurin aiki na zauna minti biyar. Ba zan yi ƙarya a littafina ba, daɗi na ji.

Yanzu sai jiran waya.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe 8:00 na yamma

Ba a kira ba.

Laraba, 25 ga Oktoba, ƙarfe 8:00 na yamma

Ba a kira ba. Sandvik ɗin nan tana jin daɗin wulaƙanta mutane. Na dafa kabeji da nama yadda Tessa ke so, yana nan a tukunya ba ta taɓa ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

An kira da ƙarfe biyar da kwata. Ina tsaye a bakin matakala ina jin muryar Tessa daga sama: "E, Koci. Na gane, Koci. Na gode." Ko minti uku ba a yi ba.

Ta sauko ta faɗa wa Walt, ba ni ba, ko da yake ina tsaye a gabanta. Takarda ta cika. Sandvik ta ba wa wata yarinya daga yamma gurbin. Tessa na iya nema kamar kowa, a layin mutum ɗari, kuma ana mata fatan alheri.

Na yi ta zage-zage, ban ma san me na faɗa ba. Na ce zan kira ofishin, zan kira shugaban jami'ar, zan je da kaina. Wata biyar ana kiran yarinya a waya, an kai ta ziyara, an ba ta rigar ƙungiya ta saka an ɗauki hoto, sannan a yar da ita cikin minti uku? Walt ya riƙe ni. Tessa ta ɗauki tuffa ɗaya daga kwano ta koma sama.

Jumma'a, 27 ga Oktoba, ƙarfe 7:15 na safe

Na tare Brennan a rumfar kwale-kwale yana naɗe igiya. Na ce ya gaya mini yadda aka yi aka tsallake 'yar da ta fi kowa maki bayan an cire wadda ke gabanta.

Ya dube ni kamar mai tausayi, abin da na fi tsana. Ya ce ai babu wadda ke gaban wata. Ofishin ɗaukar ɗalibai ba ya duba yara ɗaya-ɗaya kawai, yana haɗa makin duk waɗanda ke kan takardar koci ya raba, kuma akwai mizanin da ba a yarda a gaza ba. Makin Corinne ya yi ƙasa, ita kaɗai ba ta haurawa. Saurin Tessa kuwa bai kai a ɗauke ta don shi ba. Shi ya sa Sandvik ta roƙi gurbi biyu, ta samu, ta rubuta su tare, makin Tessa na ɗaga na Corinne. Da Corinne ta fita, sai ta mayar da gurbi ɗaya, ta ba wa wata mai sauri da makinta ya isa ɗayan.

Na ce to mai farin gemu fa, da ya ce ba ta ɗaukar biyu daga wuri ɗaya?

Ya ce, "Misis Dombrowski, mutumin nan sayar da inshora yake yi."

Ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Can ya ce duk wanda ya aika wa Sandvik abin da ya aika, yara biyu ya kashe wa hanya, kuma shi ya san ba Tessa ba ce. Bai ɗago ya kalle ni ba da ya faɗa. Na ce ina da aiki, na tafi.

Jumma'a, ƙarfe 1:30 na rana

Wane irin tsari ne wannan? 'Yata ta yi shekara goma sha biyu tana karatu don a yi amfani da makinta kamar tsani, wata ta taka? Wa ya gaya mana? An hana mu tambaya, an hana mu kira, an bar mu da jita-jitar tanti. Laifinsu ne. Da sun yi komai a fili da ba a kai nan ba.

Na fasa madubin haƙori guda a hannuna yau, likita ya ce in tafi gida in huta.

Lahadi, 29 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

Walt ya tafi kallon ƙwallo gidan ƙaninsa. Na hau sama na buɗe ƙofar Tessa ba sallama. Tana zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya. Na zazzage mata duk abin da Brennan ya gaya mini, ina jira ta fusata tare da ni, ta ga irin rainin da aka yi mata.

Ta ce ta sani. Tun ranar ziyara Sandvik ta zaunar da su biyu a ofis ta gaya musu komai, ta ce su yi shiru har ofishin ya sa hannu.

Na ce kin san don makinki kawai ake son ki, kika yarda?

"Na yarda mana, Mama. Ni ina jan ta a aji, ita tana jana a ruwa, shekara huɗu haka muke. Har ɗakin kwanan da za mu nema mun zaɓa."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce an ce kar su faɗa, kuma ta san ni, kafin la'asar tanti duka ya ji. Ta ce abu ɗaya ta taɓa kawo mini da ta rasa inda za ta kai shi.

Na ce don ke na yi. Wannan ne karo na farko da na faɗa da bakina. Na ce babu ƙarya a ciki.

Ta ce ta san babu. Ta ce Corinne ta tambaye ta sau biyu ko ta gaya wa wani, ita kuma ta ce a'a, don in ta ce e za a tambaye ta wa. Don haka a kulob ita ce maciyar amana, kuma haka za ta bari. Ta roƙe ni in ja mata ƙofa idan zan fita.

Ina jin haushinta. Ban san kan me ba, amma ina ji.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe 12:50 na rana

Na ajiye mota a ƙofar gidan Paulette. An jera kabewa a kan matakala, labule a rufe. Minti ashirin ina zaune, sannan na koma aiki.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 7:40 na yamma

Tessa ta aika takardunta yau da yamma, amma ba jami'ar Sandvik ba. Walt ne ya zauna da ita, shi ya sa hannu a wurin iyaye. Ina kicin ina jin su suna magana a hankali, har na ji ta yi 'yar dariya, wadda rabon da in ji ta tun kafin tsakiyar watan jiya.

Da ya sauko na zuba masa abinci na tambaye shi wace jami'a ce. Ya daɗe yana juya cokali. Daga yadda ya ƙi kallona na gane ta gaya masa sauran ma. Na ce ni ce uwarta, ina da hakkin in san inda 'yata za ta.

Ya ce, "Ta ce kar in faɗa miki, Loretta."

Na ce to ai ni ce, ba wani ba. Na tambaye shi ko gabas ne ko yamma, ko ana zuwa da mota. Na tambaya sau huɗu. Ya cinye abincinsa, ya wanke kwanonsa da kansa, bai faɗa ba.